Zanen Inna a Jikin Aljana

Assalamu alaikum mutanena na amana. Wanda ke tsaye ya nemi wuri ya zauna, wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, don abin da na kwaso muku yau, ni kaina har yanzu jikina bai daina rawa ba.

Ga sababbin shigowa, sunana Rufaida, 'yar Malam Balarabe mai noman tumatir da albasa a Kiru. Ina ajin ƙarshe a kwalejin da nake koyon aikin jarida, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne tsara kati a kwamfuta. In kun taɓa karɓar katin biki ko na walimar sauka a yankinmu, kuka karanta, kuka sake juya shi don kyau, to ku duba can ƙasa a kusurwa, za ku ga ɗan sunana a laɓe. Ba yabon kai ba ne. To, ko da ma yabon kan ne, ai na yi aikin.

Sai kuma Muzammil. Tsofaffin masu bibiyata sun gaji da jin sunansa, amma haƙuri za ku yi. Dogo ne siriri, mai shagon maganin dabbobi a Doguwa, mai magana a hankali har sai ka matso za ka ji. Shi ne ɗan fari a wurin Inna Habiba, wadda ke zaune a rugarsu can gefen dajin Falgore. Kawunnansa sun riga sun zo sun gaida Baba, an rabu cikin mutunci. Abin da ya rage shi ne mata su kawo akwatin na-gani-ina-so, magana ta tsaya da ƙafarta. Kuma kowa ya sani, a gidansu in Inna ba ta gyaɗa kai ba, babu akwatin da zai motsa.

Tun daga ranar gaisuwar nan Umma ta sa min ido.

“Rufaida, daga yau har a ɗaura, ki shiga taitayinki. Ban da yawo, ban da dariyar nan taki da ake jiyowa daga bakin titi, ban da harkar 'yan fim. Mutanen nan masu kunya ne, ba sa magana amma suna gani.”

“Umma ai ni ba fim nake yi ba, talla nake tsarawa.”

“Ko ma mene ne. Ni dai kar in ji, kar in gani.”

Na ce to. Kun dai san irin wannan “to” ɗin.

Ana cikin haka malaminmu ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya shirya gajeren fim, shi ne aikin kammala karatu, kuma dole a nuna wa jama'ar gari, ba a aji kawai ba. Wasu suka ɗauki soyayya, wasu suka ɗauki illar shaye-shaye. Mu kuwa da yake Ukasha ne shugabanmu, sai ya ce fim ɗin ban tsoro za mu yi. Ukashan nan, tun ranar da wani ya kira shi darakta da wasa ya je ya sayo hular hana-salla, ko alwala zai yi sai an tuna masa ya cire.

Sunan fim ɗin Baƙuwar Mashaya. Wata mata ce ke fitowa makiyaya a wurin shayar da shanu, da ƙwarya a kanta, ta roƙi ruwa. Duk wanda ya ba ta, ya kuma yi kuskuren kallon ƙafafunta, to shanunsa ne kawai za su koma gida. Ƙawata Bushra, 'yar Tudun Wada, ita ta fito a matar, an kuma gama ɗauka lafiya. Ni aikina talla: fosta, takardun rabawa, da sitikar mannawa a jikin babura, don a hutun nan za mu zaga da fim ɗin gidajen kallon ƙwallo na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa.

Ukasha ya turo min saƙo: “Ki cika fostar da jini. Ki sa ƙoƙon kan mutum, da haƙora zaƙo-zaƙo.”

Na rubuta masa: “Darakta, mutanen da kullum suke wucewa ta gaban mahauta za ka tsorata da jini?”

“To me za ki sa?”

“Mace ita kaɗai a tsaye, a inda bai kamata a ga mace ita kaɗai ba. Ba ta gudu, ba ta kuka, ba ta komai. Kai kawai take fuskanta.”

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can sai ga shi: “Tsigar jikina ta tashi. Yi yadda kika ga dama.”

Wayyo daɗi! Da ma abin da nake jira kenan. Na gaji da furanni da zobba biyu a sarƙe da “iyalan wane da wane suna farin cikin gayyatarku”. Ga aiki ya zo wanda zan zuba duk abin da ke kaina.

Wata Asabar muka shirya ɗaukar hoton fostar. Na ce wa Umma aikin makaranta ne, kuma ai gaskiya ce, sai dai ban kai gaskiyar har ƙarshenta ba. Ni da Ukasha da Abdulmumini mai kyamara da sauran 'yan rukuninmu muka hau bas zuwa Kwanar Dangora, muka canja mota, muka wuce Tudun Wada, muka sauka Falgore. Ba mu kutsa cikin dajin ba, kun san ba wurin wasa ba ne. A bakinsa akwai wani rafi da shanu ke sha, ga wata tsohuwar tsamiya ta karkato a kansa. Ina ganin wurin na ce shi ke nan, rabin aiki ya ƙare.

Bushra ta ce za ta biyo mu a baya. Muka jira, rana ta take, ta fara karkata. Sai ga saƙonta:

“Ƙawata ki yafe ni. Yaya Sani ya ce fim ɗin makaranta ya haƙura, amma ranar da ya ga hotona a bangon tasha sai ya karya min ƙafa. Ba zan iya zuwa ba.”

Na karanta musu a fili. Ukasha ya cire hularsa da kansa, ba tare da kowa ya tuna masa ba, ya zauna a kan dutse ya dafe kai. Sauran 'yan matan kowacce ta kawar da fuska, don kowacce tana da nata Yaya Sanin a gida.

A daidai nan muka ji ƙarar babur. Muzammil ne, don na faɗa masa muna yankinsu, ya taho mana da fura da nono a ƙwarya, an rufe da faifai an ɗaure a bayan babur. Farar shadda ce a jikinsa, ga ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara mayafina, don akwai abin da nake so ya lura da shi.

Bari in ba ku labarin mayafin. Da ƙaramar salla Inna ta aiko min da zane ta hannun Muzammil. Saƙi ne baƙi mai nauyi, irin na matan ruga, ta bi bakinsa da jan zare da hannunta, ɗinki ƙanana-ƙanana masu yatsu uku kamar sawun zabuwa. Muzammil ya ce ko 'ya'yan cikinta ba kowacce ta yi wa ba. Ranar na yafo shi a kan doguwar rigata musamman don ya gani, ya je ya faɗa mata ina sakawa.

Ya ji abin da ya faru. Ya dube ni, ya dubi rafin, ya dubi zanen, sai ya saki murmushin nan nasa da ke kashe min jiki.

“Ke ki tsaya mana.”

“Ni? Ka manta gargaɗin Umma?”

“Ba ke ce mai goge fuska a kwamfuta ba? Ran nan har ƙurajen wani ango kika share tas. Wa zai gane ki?”

Ku zama shaida, masu karatu, shi ya fara faɗa. Ni kuma ban ɓoye muku ba, zuciyata da ma a bakin ƙofa take, turawa kaɗan take jira.

Ya ce yadda na yafa zanen na 'yan gari ne, ba wanda zai yarda wannan matar daga daji ta fito. Ya ari gyalen wata 'yar ajinmu, ya tsaya a gabanmu da farar shaddarsa yana gwada mana ɗaurin gidansu a jikinsa: a zagayo da shi, a ɗauko baki ɗaya ta kan kafaɗa, a soke a ƙugu, yadda bakin zanen zai sauko tun daga wuya har idon sawu. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ko a jikinsa. Na koma bayan tsamiya da 'yan matan, muka ɗaura yadda ya nuna. Aka juye furar a kofuna, aka ɗauraye ƙwaryar, na ɗora a ka, na shiga ruwa har ya rufe min ƙafafu.

Abdulmumini ya ce haske bai isa fuskar zanen ba. Muzammil ya ɗauko farantin silba da muka zo da shi, ya tare rana da shi ya karkato min hasken. Ina tsaye ruwa na ja min ƙafa, sai kawai wata farar saniya mai manyan ƙahonni ta baro garke, ta zo ta tsaya a bayana ta ƙura wa kyamara ido. Abdulmumini ya daina numfashi. Ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Da ya nuna mana hoton a bayan kyamara muka yi cincirindo a kansa. Muzammil ne ya fara cewa, “Kai! In na gamu da wannan a hanya, babur ɗin ma barinsa zan yi.”

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Kwanakin da suka biyo baya, da na gama shara da wanke-wanke sai in shige ɗaki in tura ƙofa. In wuta ta ɗauke in aika da kwamfutar shagon caji, in zauna ina cizon yatsa har ta dawo. Na fara da fuskata, na dusashe ta a hankali har ta zama duhu, babu ido babu hanci, sai dai ka ji a jikinka ana kallonka. Na goge lallen hannuna. Na goge zobena. Na goge tabon ƙunar man gyada da ke wuyan hannuna, wanda duk 'yan layinmu sun san shi. Na mayar da hasken la'asar ya koma na gab da magariba, na tsotse duk wani launi, ciyawa da ruwa da sama duk suka koma toka-toka.

Sai na tsaya ina kallo. Ya yi kyau, amma ba shi da rai. Na mayar da launi ɗaya tak, jan zaren bakin zanen. Jama'a! Sai ga wani siririn jan layi ya ratsa duhun nan tun daga wuya har cikin ruwa. Ba jini ba ne, amma duk wanda ya gani jini zai fara zuwa masa a rai. Na miƙe tsaye, na yi rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki, na toshe bakina da filo na yi ihu.

Sunan fim ɗin ma ban yarda da rubutun kwamfuta ba. Gawayi na ɗebo a madafa, na rubuta a takardar buhun siminti da hannun hagu don ya karkace, na ɗauki hotonsa na ɗora a sama. A ƙasa kuma na sa layi ɗaya: “Idan ta roƙe ka ruwa, kar ka kalli ƙafafunta.”

Na tura wa Muzammil kafin kowa.

“Ya ka gani?”

“Innalillahi. Wannan ce zan aura?”

“Akwai sauran lokacin fasawa.”

“Ko da ƙafar jaki ce da ke na ji na gani.”

Na rungume wayar ina murmushi kamar sabuwar mahaukaciya.

A Kwanar Dangora muka buga, wurin Sagir mai injin buga takardu. Ta farko na fitowa daga inji ya ja da baya ya ce, “A'uzu billahi! Hajiya, ki kwashe kayanki kafin magariba, ni a shagon nan nake kwana.” Amma sai ga shi ya ɓoye guda ɗaya a ƙarƙashin tebur, na gan shi.

'Yan rukuninmu suka dama gam, suka rarrabu. Kafin mako ya zagayo, Baƙuwar Mashaya na tsaye a bangon kowace tasha da gidan kallo da shagon caji tun daga Bebeji har Doguwa. Masu achaɓa suka riƙa tare Ukasha suna roƙon sitika. Wani mai shayi a Kiru ya zo har wurinmu ya ce don Allah a matsar da ita daga gaban teburinsa, masu shan shayi duk sun juya mata baya, ba ya ganin fuskar kowa. Guruf ɗin ajinmu ya cika da hotonta, mutanen da ban taɓa sani ba suna ta yaɗa ta a WhatsApp. Malaminmu, wanda bai taɓa yabon kowa ba, ya rubuta: “Rufaida ce ta tsara wannan? Ta zo ta same ni in an dawo hutu.” Na ɗauki hoton saƙon na adana, ina buɗewa ina sake karantawa.

Har gidanmu ta shigo, a wayar maƙwabciyarmu. Umma na hango duhun ta rufe ido da tafin hannu. “Kawar min da shi! Wace marar mafaɗi ce ta yarda aka yi mata haka?” Ina gefe ina tankaɗe, na dage da tankaɗena.

Na yi ta taƙama a raina cewa na goge duk abin da za a gane ni da shi. Fuska na yi tunani, da hannu, da tabo. Ko sau ɗaya bai zo min ba cewa mata ba fuska suke fara kallo ba.

Ranar kawo akwati ta zo. Tun da sassafe gidanmu ya kacame. Umma ta sa an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar darduma a falonta, turaren wuta na tashi ta kowace kusurwa. Ga waina da miyar taushe, ga dambun nama, ga zoɓo da kunun aya suna sanyi a bokitin ƙanƙara. Ni kuma an ce in zauna a ɗaki kar in kuskura in leƙo, haka ake yi. Duk da haka na caɓa ado: leshi ruwan hoda, ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu, kwalli, da ɗan jan baki kaɗan yadda Umma ba za ta ce na yi yawa ba. Ina gaban madubi ina gwada murmushin kunya, wayata ta fara ƙara a kan gado.

Kira ne na Muzammil da ban ji ba, sun taru. Sai saƙonni:

“Kina ina?”

“Rufaida ki ɗauki waya.”

“Inna na cikin motar.”

Ku da ba ku san su ba, ba za ku gane ba. Uwa ba ta zuwa kai akwatin ɗanta, gwaggonni ake turawa. Balle ɗan fari, wanda Inna ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya, sai dai ta ce “wancan yaron”. In har ta tako da ƙafarta, to ba lafiya ba.

Wani saƙon ya shigo:

“Matan rugarmu masu kai nono kasuwa sun ga fostar a tashar Doguwa. Suna gani suka ce ɗinkin Inna ne. Ita ma ta je ta gani da idonta.”

“Duk abin da ta tambaye ki ki ce ba ke ba ce. Ki ce wata ƙawarki ce ta ɗauki zanen ba da saninki ba.”

“Don Allah Rufaida. Zan miki bayani daga baya.”

Ban kai ga ba shi amsa ba na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na ji sallama, na ji muryar Umma tana “Lale, lale, maraba da baƙi!” Na leƙa ta jikin labule. Mata ne suka shigo a jere, a gabansu Goggo Halima, ƙanwar mahaifin Muzammil, wadda ita muka san za ta jagoranci tafiyar. A bayansu wata 'yar tsohuwa siririya, a miƙe tsaf, da baƙin saƙi a jikinta mai jan baki irin nawa sak. Ko ba a faɗa min ba na san ita ce.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da shanu da ruwan bana. Aka kawo abinci, ba wanda ya taɓa. Akwatin kuwa, maimakon a ajiye shi a tsakiya a buɗe a yi guɗa, Inna ta sa an ajiye shi a gefenta, ta ɗora hannu a kai.

Sai na ji ta ce, “A kira min yarinyar.”

Umma ta shigo ɗaki idanunta a waje. “Me kika yi? Rufaida me kika yi?” Na ja mayafi na rufe kai, na bi ta da wayata a damƙe a hannu, na durƙusa a bakin darduma na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta amsa a hankali. Sannan ta sa hannu cikin zanenta ta ciro wata takarda a ninke, ta warware ta a kan darduma, ta bi ta da tafin hannu tana miƙar da ita. Fostata ce. Daga bango aka ɓamɓaro ta, har da ɓurɓushin fenti a bayanta.

Wannan karon Umma ba ta rufe ido ba. Ta kalli duhun, ta kalli jan layin, ta kalli zanen da ke jikin Inna, na ga lokacin da ta gane. Amma uwa uwa ce, nan take ta fara neman min hanya.

“Ai Inna, yaran zamani da kwamfutar nan, ba abin da ba sa haɗawa. Sai su ɗauki zanen wani su liƙa a jikin wani…”

Inna ta ɗaga hannu kaɗan, Umma ta yi shiru.

“Ɗiyata,” ta ce da ni, “tambaya zan yi miki. Wadda ke cikin zanen nan, ke ce?”

Masu karatu, ƙarya ba ta taɓa yi min sauƙi kamar ranar ba. Babu fuska, babu lalle, babu tabo, ni da hannuna na share duk wata shaida. Umma ta buɗe min ƙofa, Muzammil ya rubuto min abin da zan ce kalma bayan kalma. Kalmomi huɗu kawai, a buɗe akwati a yi guɗa. Amma na dubi yatsun tsohuwar nan da suka zauna suka yi min ɗinkin nan ɗaya bayan ɗaya tun ba ta taɓa ganina ba, na ji ba zan iya shiga gidanta da ƙarya a bakina ba. Kuma in faɗa muku ɗaya gaskiyar, fostar nan ita ce abu mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, raina bai yarda in ce ban san ta ba.

“Ni ce, Inna.”

Umma ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Ni na tsaya, ni na tsara ta. Aikin makaranta ne, wadda za ta tsaya ba ta zo ba. Wallahi ban yi don in wulaƙanta kyautarki ba. Duk launin da ke hoton na cire, na bar ɗinkinki shi kaɗai, don ya fi komai kyau a ciki. Ki yafe min.”

Inna ta sa yatsa a kan jan layin, ta bi shi tun daga wuya har ƙasa.

“Kin ɗaura shi daidai,” ta ce. “Wannan ba ɗaurin 'yan gari ba ne, na gidanmu ne. Wa ya koya miki?”

Na ƙara sunkuyar da kai. Ba ta matsa min ba, ba ta kuma janye tambayar ba, jira kawai take.

“Shi ne,” na ce, da ƙyar.

“Yana wurin kenan.”

“Yana wurin, Inna.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta juya ta dubi Goggo Halima, Goggo ta kawar da fuska. Sannan ta dawo da idonta kaina, na ga sun kaɗa sun yi ja, amma muryarta ba ta canja ba.

“Da safen nan na tsayar da wancan yaron a gaban kawunsa, na nuna masa takardar nan. Ya ɗaga yatsa sama, ya rantse min da Allah ba ke ba ce, bai kuma san inda aka yi hoton ba.”

Bayanin da zai yi min daga baya kenan. Ni na ɗauka kaina kawai nake tonawa.

“Ban taso tun daga Falgore don hoto ba,” Inna ta ci gaba. “Hoto ruwan sama zai wanke shi daga bango. Na zo in ji ko ku biyu za ku haɗa baki ku yi min ƙarya. Da kin ce ba ke ba ce, da akwatin nan ya koma motar da ta kawo shi, ba kuma zan faɗa wa kowa dalili ba.”

Ta ɗauke hannunta daga kan akwatin, ta tura shi har tsakiyar darduma.

“Ni na karɓe ki, ɗiyata, da hannu biyu. Amma ni na haife shi, ba zan cuce ki ba. Wanda tsoro ya sa ya rantse a kan ƙarya a gaban uwarsa, ban san me zai yi a gabanki ba ranar da tsoro ya sake kama shi. Ban ce ki ƙi shi ba, ban ce ki so shi ba. Ke za ki zauna da shi. In kin ce a buɗe, a buɗe.”

Goggo Halima ta matso ta kama zif ɗin akwatin, ta tsaya. Matar da aka zo da ita don guɗa ta riga ta kama hanci. Umma ta zuba min ido, leɓenta na motsi ba sauti, na san me take cewa: ki ce a buɗe, ki ce a buɗe. Sai wayar da ke hannuna ta fara rawa, sunansa ya fito ɓaro-ɓaro, kowa a falon yana gani.

Ina son Muzammil. Wallahi ina son sa, ko a lokacin ma son nasa ne ke ƙona min ƙirji. Na kife wayar a kan darduma tana ta rawarta, na share hawayen da ya ɓata min kwalli, na ɗago kai.

“Goggo,” na ce, “a ɗan dakata tukuna.”